Ni da Jitar Likita a Hanyar Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a teburin mai shayi na bakin tasha sai wani ya jawo benci: "Shamsu, wai ƙaƙa ta kaya?" In fara, in kai bakin iyaka, sai wani ya iso ya ce a koma farko. Na gaji da komawa farko. Shi ya sa na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa waya in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ɗan Gummi ne, gidanmu manoman shinkafa ne a fadama. Ni ne auta, ni ne kuma wanda ya guje wa fadama ya tafi Anka koyon gyaran rediyo da sifika. A can na haɗu da Likita Istifanus, mutumin Filato. Ma'aikacin jinya ne, amma duk Anka Likita ake ce masa. Wata rana ya kawo amfilifayar cocinsu gyara. Da na gama ya ce bari ya gwada, ya zuge wata doguwar jaka baƙa, ya fito da jita mai tsirkiya huɗu masu kauri kamar wayar birki. Ya jona ta, ya ja guda ɗaya. Ban ji ta a kunne ba, a ciki na ji ta. Ƙusoshin da ke cikin gwangwani a kan tebur suka kama rawa. Ya ce sunanta bes.

A coci Likita mutum ne mai hankali, kiɗansa a sanyaye. A ɗakinsa na gane ainihinsa. Wayarsa cike take da wani kiɗan Turawa da ake kira rok, kuma ba mai laushin ba, mai zafin, wanda in ka ji shi karon farko za ka rantse injin niƙa ne ya haɗiye dutse. Shi ya koya mini, kullum bayan an tashi daga aiki, har yatsuna suka yi kanta. Daga baya muka riƙa ɗaukar bidiyo muna sa wa a intanet, mu biyu da 'yan uwansa na Jos muna kallo.

Ina cikin gyaran sifikar wani masallaci sai ga saƙon murya daga lambar Nijar. Mai maganar ya ce sunansa Agali, Buzu ne, shi ne mai jita a wata ƙungiyar rok a Yamai. Mai bes ɗinsu ya samu aiki a Kwatano ya bar su, ga kuma wani babban taron makaɗa ya matso. Sun ga bidiyona. In zan zo, mota da wurin kwana a wuyansu, in kuma na yi musu, gurbin ya zama nawa.

Ni ko jita ba ni da ita. Na kai wa Likita saƙon, ya saurara, ya sake saurara, ya tashi ya ɗauko jakar ya ɗora mini a cinya.

"Ka tafi da ita," ya ce. "Amma Shamsu, wannan jitar ta riga matata shiga gidana. In ta karye kada ka biyo ta Anka."

Kun san hanyarmu da 'yan bindiga, ba sai na faɗa ba. Kowa ya shiga mota da addu'a, kowa idonsa a daji. To ranar nan idon kowa a kan jakata yake. Doguwa, baƙa, ga ni na rungume ta na ƙi yarda a sa ta a but. Wani dattijo da aka zaunar kusa da ni ya dube ta, ya dube ni, ya ce wa direba shi fitsari yake ji, ya sauka bai dawo ba.

Kafin Bukkuyum muka iske shingen 'yan sa-kai. Babbansu ya leƙo, idonsa ya sauka kan jakar.

"Kai, mi ke cikin jikkar ga?"

"Jita ce, yallaɓai."

"Wace iri ce jita kuma? Sabuwar bindiga ce sunka kawo?"

Kafin in ba da amsa, fasinjoji duk sun sauka sun koma gindin wata bishiya can nesa, har da direba. Aka ce in ajiye ta a ƙasa, in buɗe da hannu ɗaya. Na zuge a hankali. Can wani daga cikinsu ya ce, "Gurmi na, na Turawa." Babban ya ɗauke ta, ya juya ta, ya auna nauyinta. Sai ya miƙa wa yaronsa bindigarsa ta toka, ya saɓa jitar Likita a kafaɗa kamar zai harbi wani, ya ce a ɗauke shi hoto. Sai da kowannensu ya yi nasa hoton muka wuce.

Na ratse Bukkuyum ne don Kawu Barmo, yayan Inna. Tun rasuwar mahaifinmu ba a yin tafiya mai nisa sai da saninsa. Na iske shi a zaure yana gyaran igiyar shanu. Na yi masa bayani tun daga farko.

"To madalla," ya ce. "Wa za ka yi ma kiɗin? Sarkin Yamai?"

"A'a, Kawu."

"Wani attajiri?"

"Ba kowa, Kawu. Mutane kawai za su taru su ji."

Ya ajiye igiyar. "Kiɗi ba a ambaci sunan kowa ba? To wa zai tashi ya yi maka liƙi? Kai Shamsu, ko roƙon ma ba ka iya ba." Ya sake ɗaukar igiyar. "In ka je, kak ka bari kiɗin ya tahi a banza. Ka sa sunana. Barmo na Bukkuyum, mai shanu. Ko ba su san ni ba su sani."

Da wannan sharaɗi na samu izini.

A Gummi Inna ba ta yi faɗa ba, kuma shirunta ya fi faɗa. Ta ce gidanmu ba mu gaji kiɗi ba, ta faɗa sau ɗaya, ta shiga madafi. Ta soya mini kifi, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da yaji. Na ɗauka shi ke nan. Da safe sai na ji sallamar wanzami a ƙofar gida. Watanni na yi ina tara suma, don duk 'yan rok ɗin da na gani a wayar Likita da gashi suke kiɗa.

"Inna, sumar nan ta aiki ce."

"Auta, ba ka shiga ƙasar mutane da kai awa na mahaukaci. Zamna."

Na zauna. Na bar Gummi da kai tal-tal yana ƙyalli.

Daga Gummi zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Illela, ba abin da ya faru sai irin kallon nan da na riga na saba da shi. A bakin iyaka aka sake cewa in buɗe. Wani jami'i mai tumbi ya ce in dai ni makaɗi ne in kaɗa ya ji. To ga abin da mutane ba su sani ba: bes in ba a jona ta da amfilifaya ba, ƙararta ba ta fi ta ƙudan zuma a cikin tulu ba. Na rataya ta, na dage na kaɗa mafi wuyar abin da na iya. Yatsuna suna gudu, gumi yana zuba. Jami'in ya kawo kunne kusa. 'Yan canji da 'yan kabu-kabu suka kewaye mu.

"To fara mana," ya ce.

"Ai na gama, yallaɓai."

Ya karɓe ta ya ƙirga tsirkiyoyin da yatsa. "Ka gani? Jita shida gare ta. Taka biyu sun tsinke, shi ya sa ba ta magana. An cuce ka, yaro." Ya mayar mini da ita cikin tausayi, ya ce in wuce, Allah ya ba ni mai kyau. Wani ɗan canji har ya bi ni yana kwatanta mini shagon mai gyaran molo a Ƙonni.

A Ƙonni ban ji na bar gida ba. Hausarsu ta fi ta Kano kusa da tamu, sai dai kowace jimla sai sun jefa mata Faransanci kamar gishiri. Abin da ya fara nuna mini na shiga wata ƙasa shi ne babbar motar Yamai. Kowa da lambar kujerarsa. Kuma da lokaci ya yi sai direba ya ja mota, ga kujeru a bayanmu ba kowa. Na miƙe na ce masa ai ba ta cika ba. Duk motar aka juyo ana kallona. A Gummi direban da ya tashi da kujera ɗaya ba mutum, 'yan kamasho sai sun kai shi asibiti a duba kansa.

Kujerar kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa mai kai turaren wuta Yamai. Na tsayar da jitar tsakanin ƙafafuna. Kafin Dogon Dutsi ta rataye carbinta a wuyan jakar. Kafin Doso ta ƙara da gyalenta da ledar goro. Da ta ji barci sai ta jingina kanta da ita. Na zauna ƙiƙam kamar mai gadin jariri, ina tuna fuskar Likita. Amma mutuniyar kirki ce. A Doso ta saya mini burodinsu, dogo kamar dantse, mai tauri a baya, an tsaga shi an zuba nama. Cizon farko ya yanke mini dasashi. Na ce mata wannan na jiya ne. Ta ce yanzu aka fito da shi, haka suke so. Na ba ta kifin Inna, ta ci ta ce lalle Najeriya akwai ruwa.

Agali ya tarye ni a tasha. Dogo ne siriri, baƙar riga, baƙin wando, gashi har kafaɗa. Ya wuce ni sau biyu yana duba waya. Sai da na ɗaga jakar ya tsaya. Ya dubi hoton da ke wayarsa, ya dubi kaina.

"Ina gashin?"

"Yana Gummi," na ce.

Ya yi ajiyar zuciya, ya kama kafaɗuna ya gwara gefen goshinsa da nawa, dama da hagu. Na ɗauka hushi ne ya sa. Ashe gaisuwa ce.

Aka sauke ni a gidan gwaggon mai gangarsu. Shi sunansa Sumaila, Bazabarme, gajere mai faɗin ƙirji. Ita kuma Tanti Hawa ake ce mata, don can gwaggo da inna da maƙwabciya duk Tanti ce. Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Zabarmancin da na iya bai wuce "fofo" ba, wato sannu ko na gode. Da shi muka zauna lafiya. Ta ba ni abinci, fofo. Ta nuna mini makewayi, fofo. Akuyarta ta ci bakin wandona, fofo. Kullum sai ta cika mini kwano da dambu da zogale, ta tsaya a kaina sai na cinye, tana yi wa Sumaila wata magana. Na tambaye shi, ya ce cewa take wannan yaro bai da naman da zai ɗauki wannan ƙarfen.

Shayin Agali kuwa wani aiki ne. A ɗan kofin da bai fi babban yatsa ba, baƙi, ɗaci kamar maganin shawara, kuma sai ya yi ta zuba shi daga sama yana mayarwa har ka manta kana jira. Na farko na kurɓe shi gaba ɗaya na miƙe na yi godiya. Suka ce ina za ni, ai ba a fara ba, sau uku ake sha. Ni da na saba da kofin roba cike da madara da rabin burodi a ciki. Wani abin kuma, da rana ta take garin sai ya mutu. Shago a rufe, ofis a rufe, kowa ya tafi barci, ba kunya ba ɓoyo. Na ce a Anka in maigidana ya iske ni haka, ranar zan koma fadama.

Ɗakin gwajinsu tsohon akurkin kaji ne a bayan gidan, sun liƙe bangon da kwalayen ƙwai don kada ƙara ta fita. Ƙara tana fita. Warin kajin ne bai fita ba. A nan na haɗu da mawaƙinsu, Malam Idi, malamin firamare ne mai tabarau, maganarsa ƙasa-ƙasa sai ka matso kake ji. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya kurɓi ruwan zuma daga wata 'yar kwalba. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu. Sumaila ya buga sanduna. Sai Malam Idi ya buɗe baki ya saki wata kururuwa da ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba. Na saki jita na yi kansa, na ɗauka wutar makirfo ce ta kama shi. Ya dube ni da murmushi ya ce, a hankali, "Baiti na farko ke nan."

Waƙoƙin na riga na haddace su tun a Anka, ban kuskure ko ɗaya ba. Amma da muka gama Agali ya zauna a kan amfilifaya yana girgiza kai.

"Zamfara," ya ce, don sunan da suka sa mini ke nan, "hannunka lahiya lau. Amma kana kiɗi kamar kana gaida surukai. Ba wanda ya taɓa ɓata maka rai?"

Na ce akwai. Ya ce to shi zan kaɗa wa. Ya kuma ce dole in riƙa kaɗa kai. Su in suka kaɗa, gashi ne ke tashi sama yana dawowa. Ni in na kaɗa sai na koma kamar ƙadangare a kan katanga. Tanti Hawa ta leƙo ta gan ni, ta yi dariya har ta zauna a bakin ƙofa. Washegari wuyana ya ƙage, in za a kira ni sai na juyo gaba ɗaya. Na ga alama Agali ya fara tunanin ko ya yi kuskure. Na ji shi a waya yana tambayar wani ko ya san mai bes a Wagadugu. Na yi ta tunanin in koma in ce wa Likita me, in ce wa Inna na sha aski don me.

A cikin wannan hali na tuna da saƙon Kawu. Na faɗa wa Malam Idi da kunya, ina jiran ya yi dariya. Ya gwada sunan a bakinsa. "Barmo. Bar-mo." Ya ce suna ne mai kyau, yana buɗe maƙogwaro.

Ranar taro ta zo, aka yi shi a wani fili a bakin kogi, bayan la'asar. Ni dai a sanina in za ka fita gaban jama'a mafi kyawun kayanka kake sa wa. Na fito da shaddata ta Sallah, shuɗiya, ta sha guga, da hula. Na iske su ukun cikin baƙaƙen kaya, Sumaila ma rigarsa a yage, kuma da gangan ya yaga ta. Agali ya rufe ido. Ba lokacin canzawa. A bayan dandamali wata Baturiya cikin masu shirya taron ta zo gaishe mu, ta sumbaci Agali a kumatu, ta sumbaci Sumaila, ta nufo ni. Na sa jitar Likita a tsakaninmu na ce mata fofo.

Da muka hau na ga mutane har bakin ruwa. Samari da 'yan mata, wasu daga Burkina, wasu daga Binin, da tsofaffin Turawa masu furfura da zanen tawada a dantse. Suka ga shadda da hula da bes, aka yi wata irin sowa. Sumaila ya buga sanduna muka faɗa. Amfilifayar da aka jona ni da ita ta fi ni tsawo. Da na ja tsirkiyar farko na ji katakon da ke ƙarƙashina ya motsa, na ga mutanen gaba sun dafe ƙirji. Duk abin da ya dame ni ya tafi. Na kaɗa kai sau ɗaya da ƙarfi, hula ta tashi ta faɗa cikin jama'a, wani ya cafe ya sa. Ban sake ganinta ba.

A waƙa ta biyu Malam Idi ya cika alkawari. Ya ja numfashi ya ƙwala, "Barmooo!" Jama'a suka amsa, "Barmo!" Ya ce, "Na Bukkuyum!" Suka amsa da wani abu mai kama da haka. Mutum ɗari nawa ne ban sani ba, hannu a sama, suna kiran Kawu, kowa yana zaton wata kalma ce mai zafi ta Najeriya.

A waƙar ƙarshe abin ya faru. Akwai wasu bututu a gefen dandamali da na ɗauka na ado ne. Ba wanda ya gaya mini masu aman wuta ne. Ba wanda kuma ya gaya mini in kiɗa ya yi zafi 'yan rok sukan buɗe fili su yi ta gudu suna bangazar juna don jin daɗi. Muna tsakiyar waƙa sai na ji tau-tau-tau a bayana kamar harbi, ga hayaƙi, na dubi gaba na ga jama'a sun watse suna gudu suna ture juna, ana ihu.

Ban yi tunani ba. Jikina ne ya yi. Na tsinci kaina kwance rigingine a bayan sifika, jitar Likita a kan ƙirjina, na rungume ta. Ina jiran in ji ta ina 'yan bindigar suka shigo.

Sai na lura har yanzu ana kiɗa. Sumaila yana duka, Agali yana ja, kuma akwai bes a ciki. Na duba na ga yatsuna ne. Ba su tsaya ba. Suna dukan tsirkiya da wani ƙarfi da ban taɓa sanin ina da shi ba, kamar su ma gudu suke yi. Na leƙa ta gefen sifika. Masu gudun dariya suke. Wanda ya faɗi ana ɗaga shi ana rungume shi. Wasu sun hango ni kwance ina kiɗa sun haukace da sowa, samari biyu ma sun kwanta a ƙasa suna kwaikwayona. Agali ya zo ya tsaya a kaina, gashi ya rufe masa fuska, ya durƙusa yana jan jitarsa a saitin tawa. A kwance na kai waƙar kusan ƙarshe, sannan na tashi da gwiwa, na miƙe, muka rufe tare.

Da muka sauka Agali ya gwara goshinsa da nawa har sai da na ga taurari.

"Wannan shi ne! Ina ka ɓoye shi? Wa ya koya maka wannan salon?"

Na ce a gida muka koya. Ya ce gurbi nawa ne, kuma daga yau duk inda muka je sai na yi wannan kwanciya. Na ce za mu duba. Malam Idi ya mayar da tabaransa ya miƙo mini kwalbar zuma, don shi ya gane ba salo ba ne. Bai tambaye ni komai ba.

Dawowa ba ta yi wuya ba. Tanti Hawa ta cika mini leda da kilishi, muka yi fofo na ƙarshe. Na biya Anka na miƙa wa Likita jitarsa. Ya duba ta gaba da baya kamar mara lafiya, ya sami ƙujewa ɗaya a gindi, ya shafa wurin da yatsa ya ce wannan ba ciwo ba ne, shaida ce. Ya ce in riƙe ta har in sayi tawa.

Ashe bidiyon ya riga ni isowa Gummi. Tun daga tasha yara suke kwanciya a ƙasa in sun gan ni. Wasu sun ce farfaɗiya ce, wasu sun ce iskokin kogin Yamai ne suka buge ni, wata maƙwabciyarmu har ta aiko da turaren hayaƙi. Kowa ya kalla ya yi dariya, ni ma na taya su.

Inna ce kaɗai ba ta gani ba. Bayan na ci abinci na huta, ta ce in nuna mata abin da ake ta magana. Na zauna kusa da ita a tabarma na riƙe mata wayar. Ta ga hula ta tashi, ta yi tsaki. Ta ji sunan yayanta, ta rufe baki da gyale. Da aka zo wurin ƙarar nan, ta gan ni na zube, sai ta daina motsi. Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna da ke riƙe da wayar.

"Wagga kwanciya na san ta," ta ce. "Ba ta kiɗi ba ce."

Na ce, "E, Inna."

A cikin wayar jama'a suna ta sowa.

"Kuma ba ka saki ba."

"Ban saki ba."

Ta gyara zama, ta goge fuskar wayar da bakin zanenta, ta matso da ita kusa da idonta.

"Maido min baya kaɗan, Auta. In ga inda kat tashi."